Tayar sukutar wasa: me ke sa ta gudu, me ke cinye ta?

Baban yara, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kan sukutar ƙafa, irin wadda yara ke tashi sama da ita suna juyi, ba mai inji ba. Ta yarona ce. Tayar baya ta fara ƙara, kuma sai ya yi ta tunkuɗa ƙasa kafin ta yi gudun kirki. Zan yi odar sababbi, amma lambobin sun yi mini yawa: ga 100, 110, 120, ga 88A, ga ABEC 9. Wanne ke kawo gudu, wanne ke kawo ƙarko?

Mai gyaran keke, Jega: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka fitar da kuɗi, ɗaga bayan sukutar ka murza tayar da hannu, ka kasa kunne. In ta ɗan juya ta tsaya, ko ka ji ƙus-ƙus na yashi a ciki, ba laifin taya ba ne, boris ne ya sha ƙura, wato zoben ƙarfe mai ƙwayoyi da tayar ke juyawa a kai. Kowace taya boris biyu gare ta, lamba 608: ramin tsakiya milimita 8, faɗi 22, kauri 7. Ka kwance aksul, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar, da alanki, ka turo boris ɗin waje, ka sa bakin allura ka ɓamɓare murfin robar a hankali don kada ya lanƙwashe. Za ka tarar da giris ɗin ya koma jan laka tsakanin ƙwayoyin. A wanke da kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu, a mayar da murfi. In kuwa ƙwayoyin sun yi tsatsa, sai dai sabo.

Ɗan Argungu: Baba, abin da Kawu ya faɗa haka yake. Batun girma kuma, lambobin 100, 110, 120 faɗin tayar ne a milimita, ni 110 nika hawa. Tayar 100 in ta zagayo sau ɗaya milimita 314 take ci, ta 120 kuma wajen 377, ka ga kuwa babba ta fi riƙe gudu, kuma ƙaramar tsakuwa ko tsagar siminti ba ta tsayar da ita kamar ƙarama. Amma babba ta fi nauyi, tana son ƙarfi kafin ta ɗauka, kuma wajen juya sukuta a sama za ka ji ta. Tun da munka koma 110 ba mu waiwayi 100 ba. Sai dai ka auna fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da ramin baya tukuna. Sukuta da yawa ta yara 100 ko 110 kaɗai take ɗauka, in ka cusa 120 sai ta riƙa gogar birki ko ta ƙi shiga ma. Kaurin tayar ma haka, milimita 24 aka fi yi, akwai masu 30 da ba kowane fok suke shiga ba.

Wani daga Zuru: Ni dai na ce a sayi ABEC 9 a huta. Ai lambar ta fi girma, gudun ma ya fi.

Mai gyaran keke, Jega: Malam, a nan ban bi ka ba. Wannan lamba ma'aunin Amurka ce da ke nuna tsananin daidaiton ƙirar boris, 1, 3, 5, 7, 9, don injinan da ke juyawa da gudun da sukuta ba za ta taɓa kaiwa ba. Ba ta faɗin ingancin ƙarfen, ba ta faɗin ko murfin na tare ƙura, ba ta faɗin ko zai jure dira daga sama. ABEC 5 mai tsabta ya fi 9 da ya kwana biyu cikin hazon hunturu ba wanki. Mu nan Kabi, murfin roba mai rufewa ruf ya fi mini lambar muhimmanci.

Malamar kimiyya, Yawuri: Bari in sa baki kan 88A, don nan ne ake yawan ruɗewa. Abin da ke lulluɓe da tayar ba robar tayar keke ba ce, foliyuritan ne, wani nau'in roba mai tauri, kuma lambar taurinsa ake nufi. Na sukutar wasa yawanci daga 85A zuwa 88A suke. Mai tauri ba ya lotsewa sosai a ƙarƙashin nauyin yaro, saboda haka ya fi gudu a daɓen siminti mai sulɓi, ya fi daɗewa bai cinye ba, amma yana zamewa a kwana, kuma duk wani gargada yaro zai ji shi har gwiwa. Mai laushi ya fi kama ƙasa, ya fi daɗin hawa kan kwalta mai kaushi ko intalok, sai dai yana saurin ƙarewa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a jikin taya, wato yadda foliyuritan ɗin ke dawowa bayan ya lotsa. Taya biyu za su iya zama 88A duka, ɗaya ta yi ta gangarawa, ɗaya ta mutu nan da nan. Gwajin mai sauƙi ne: a saki tayar daga tsayin ƙugu ta faɗi kan siminti a tsaye. Wadda ta yi tsalle sosai ita ce mai rai. Wadda ta ce tim ta kwanta, ƙarfin ƙafar yaro za ta riƙa shanyewa.

Baban yara, Birnin Kebbi: Malama, Allah ya ƙara sani. A farfajiyar gida yake yi, siminti ne, wani lokaci kan kwaltar unguwa da yamma.

Malamar kimiyya, Yawuri: Amin, Alhaji. To 88A ta yi masa. Kawai a daina barin sukutar a rana. Zafin Maris da Afrilu a nan yana wuce digiri 40, siminti kuma ya fi iska zafi.

Ɗan Argungu: Saura zuciyar tayar, wato tsakiyarta da boris ke zama ciki, Baba, kuma nan ne ƙarkon yake. In ta roba ce, kada ka saya wa mai tsalle. Dira kaɗan za ta tsage, ko ramin boris ya buɗe tayar ta fara rawa. Ta alminiyam ake nema. Ita ma iri-iri ce: mai sili-sili ta fi sauƙin nauyi, cikakka ta fi ƙarfi da nauyi, akwai kuma mai rufaffen gefe amma cikinta fanko. Ka duba inda foliyuritan ya haɗu da ƙarfen, ka danna da babban yatsa zagaye. In ka ga ko siririyar tsaga, can zai fara ɓallewa, musamman in yaro na dira a karkace. In ya fara rabuwa da ƙarfen babu gam ɗin da zai riƙe shi, a cire tayar kawai, don tsakiyar gudu take iya kwaɓewa.

Uwar gida, Gusau: Ni daga maƙwabta nake leƙowa. Tayar bayan ta ɗana ta yi wani shafaffen wuri, in yana tafiya sai ka ji kaf-kaf-kaf. Me ya jawo haka?

Mai gyaran keke, Jega: Birki ne, Hajiya. Yana take shi da ƙarfi har tayar ta daina juyawa, sai ta ja ƙasa a wuri guda, simintin ya kankare wurin. Ki ce masa ya riƙa taɓa birkin yana saki, kada ya danne. Shi ya sa ta baya kullum take riga ta gaba mutuwa. In girmansu ɗaya, a riƙa musanya su lokaci-lokaci, ta gaba ta koma baya.

Sannan duk mai kwance taya ya kula da ɗan guntun bututun da ke tsakanin boris biyu. Ƙarami ne, yana faɗuwa cikin yashi a rasa shi, sai a ɗaure haka nan. In babu shi, da ka matse aksul ka matse boris, tayar ta ƙi juyawa. In ka sassauta kuma ta yi ta kaɗawa. Da shi a ciki za ka ɗaure tamau, tayar na juyawa sakayau.

Uwar gida, Gusau: Na gode, Malam. Da damina fa? Ba ya jin hani, cikin ruwa ma fita yake.

Mai gyaran keke, Jega: To ki sa a cika masa boris da giris maimakon mai. Gudun zai ɗan ragu, amma ruwa ba zai samu hanya da sauƙi ba. In ya dawo a goge tayoyin da tsumma, a murza su su watsar da ruwan, kada ta kwana a jiƙe. Kuma ya sani foliyuritan ba ya kama jiƙaƙƙen siminti, birkin ma ba ya ci sosai, don haka hular kwano dole ce ranar.