Ƙwan niksi ya ƙi kamawa da batir, ta ina zan ba shi wuta?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na tsinci wani tsohon akwatin awo a kayan bola, na ciro ƙwai shida masu lambobi a ciki, an rubuta IN-12 a jikinsu. Agogo nake son haɗawa. Na jona su da batirin sola, ko ƙyas. Wani ya ce in jawo daga soket kai tsaye da diyod (abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai). Me kuka gani?

Baban Rediyo (Marwa): Wa alaikumus salam. Kul, ɗana! Wutar gari bolt 220 ce, in ka miƙar da ita da diyod da kafasita (mai tara wuta) takan kai wajen 310, kuma ba abin da ya raba allonka da layi. Wanda ya taɓa, ya taɓa layin ne. Ƙwan nan niksi ne ƙirar Tarayyar Sobiyet, iskar niyon ce a ciki. Sai ya ga bolt wajen 170 yake kamawa, amma cinsa kaɗan ne, miliyamfa 2.5 kowane ƙwai. Batirinka ya isa, abin ɗaga wuta kawai ka rasa.

Injiniya (Njamaina): Gaskiyar Baba. Nemi ƙaramin allon ɗaga wuta irin NCH6100HV, ka ba shi bolt 12, ka murɗa ɗan sukurinsa har mita ta nuna 180. Kowane ƙwai da rezistansa (mai rage wuta) a ƙafar anod, wato ƙafar +, mai kilo'om 18 (18k) ta yi. In ya kama yakan riƙe wajen 140 ne, sauran 40 ɗin rezista ke sha. Babu ita, ka kashe ƙwan.

Mai Dalma (Kusiri): Allon nan sai an yi oda an jira, Injiniya. Ni da ɗan cif (chip) MC34063 na haɗa nawa.

Injiniya: Kai hannunka ya faɗa, yayana. Wannan farinsa ke nan.

Baban Rediyo: Ko wanne ya ɗauka, kafasita nake ji masa. Kada ta gaza ta bolt 250. Wata rana na cire waya, na sa hannu zan gyara allo, ashe tana cike. Ta fisge ni, gwiwar hannuna ta bugi kaskon dalma, tabon yana nan kamar tsabar sefa ɗari. Ka gitta mata rezista 470k ta riƙa zuƙe ta, kuma kada ka taɓa sai mita ta nuna ta sauka. In kana awo da wuta, hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, musamman da zufar Garwa ta watan huɗu. Jiƙaƙƙen hannu wuta ta fi kamawa.

Mai Dalma: Ka sa fiyus ɓangaren batir, ka kuma rufe shi cikin akwatin roba saboda yara da ƙurar hunturu. Batun canja lambobi kuwa, cif K155ID1 aka yi dominsu. Duba akwatin da ka fasa, da wuya babu su ciki.

Ɗan Garwa: Allah ya saka da alheri, Baba, na fasa jawowa daga soket. Na duba kuwa, guda shida ne jere a bayan ƙwan. Zan iya ciro su da kasko ba su ƙone ba?

Mai Dalma: Turo hoton bayan allon tukuna.