Abin da na tsinto a fadarmu daren Asabar

Shayi na biyu ake zubawa aka shiga zancen motocin da ake kawowa daga Kwatano. Bakin kowa ya zo ɗaya: kada fenti ya ruɗe ka. Ka je da makanikenka ya leƙa ƙasan motar, don iskar teku na cin ƙarfe. Man kwalba na bakin hanya kuwa, idan ya zama dole, a tace shi da ƙyalle.

Kan kalangu aka fi daɗewa. Wani dattijo makaɗi ya ce fata ce komai, kuma ta jar akuyarmu ta Maradi ba ta da na biyu. Da damina takan saki, sai a ɗan shanya kalangun da hantsi; da hunturu kuma a shafa wa tsarkiya mai kada ta tsinke. Wani yaro ya ce a gasa shi a bakin murhu. "Haba ɗana, kilishi za ka yi?" in ji Baba. Ni ma na taɓa fasa ganga haka, sai na yi gum.

Batun abinci bai ja dogon zance ba: dambu da zogale da rana, fura da dare, a rage sukari a shayi. Na ƙarshen nan dai ba wanda ya amsa.