Kunnena na hagu ya daina ji, ana cewa na fara girman kai

Mai Yadi:
Salamu alaikum. Shadda da atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Shekara biyu ke nan, cikin hunturu, na wayi gari kunnena na hagu ya toshe, ga wani ƙugi a ciki kamar na tiransifoma. Na ɗauka sanyi ne, na yi ta ɗiga maganin kemis har wata uku. Ko da na je asibiti aka yi gwaji, aka ce jijiyar ce ta tafi.

Wannan na haƙura da shi. Mutane ne damuwata. Wani Alhaji da ke zuwa sari daga Damagaram ya tsaya ta haguna ya yi sallama har sau uku ina lissafi, ya juya. Ya gaya wa maƙwabcina wai na yi kuɗi na daina amsa sallama. In aka ƙwala mini kira a layinmu sai in yi ta waige-waige, ina jin sunana amma ban san ta inda ya fito ba. Shekaranjiya ɗan sahu ya kusa kwashe ni, na ji hon ta dama, ashe ta hagu yake tahowa. A majalisa kuwa, da an haɗa baki uku sai dai in yi dariya in na ga ana dariya.

In fito in faɗa wa mutane ne? Gudun a laƙaba mini kurma nake yi.

Maman Biyu:
Ɗan'uwa, faɗa musu. Ni na dama ne, tun sanƙarau ɗin 1996 ina 'yar firamare. Na ɓoye har na yi aure, uwar mijina ta shekara tana riƙe da ni a rai wai ina share ta in ta kira. Ranar da ta sani har kuka ta yi. Yanzu da an zauna nake cewa "dawo ta nan, wancan ba ya aiki," shi ke nan. A gidan biki nakan zaɓi wurin da bango zai kasance ta mataccen kunnen. Ka juya teburinka ƙofar shago ta dawo damanka. Kuma kar ka kwanta a kan mai jin, kiran assalatu zai wuce ka. Amma fa ranar da janaretan maƙwabta ya hana kowa barci, ni kan mai jin nake kwanciya in yi abina.

Ɗan Fagge:
Allah ya ba da lafiya. Ka gwada man tafarnuwa da ɗumi, kakata da shi take mana.

Ma'aikacin Jinya:
Don Allah kar a ɗiga komai, mai ba ya kaiwa ga jijiya. Alhaji, ƙwaƙwalwa na gane inda sauti yake ne ta hanyar kwatanta kunnen da ya fara isa da wanda ya fi jin ƙarfinsa, shi ya sa kunne ɗaya ba ya nuna hanya. A titi ka bar wa ido aikin, ka duba sau biyu.

Irin naka mai zuwa farat ɗaya gaggawa yake so, maganin da likita ke bayarwa ya fi aiki a cikin mako biyun farko. Duk wanda ya wayi gari haka ya nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Kai ma ka koma ka tambayi ko ana buƙatar hoton kai. Ka kuma tambayi na'urar CROS, wadda ke ɗauko sauti daga ɓangaren da ba ya ji ta kai wa mai ji. Ba ta dawo da sanin hanya, amma za ka ji sallamar mai tsayuwa ta hagu. Wanda ya rage maka ka lallaɓa shi: ka nisanci lasifikar biki da injin niƙa, kuma duk mai rubuta maka allura, musamman gentamicin, ka gaya masa kunne ɗaya gare ka.

Mai Yadi:
Na gode ƙwarai. Hajiya, yau da safe muka juya teburin, yarona ya koma zama ta hagu, in an yi magana ya taɓa ni. Alhajin Damagaram kuma na kira shi na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce in ajiye masa bandir biyu na farar shadda, yana tafe ranar Laraba.