Hakeem Olajuwon: me ya bari a ƙwallon kwando?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Jiya ɗana ya dawo daga filin ƙwallon kwando yana ta juyi da ƙwallo a tsakar gida, ya ce salon Hakeem Olajuwon yake kwaikwayo. Abin da na sani kawai shi ne mutumin haifaffen Legas ne, kuma ya yi suna a Amurka. Ina roƙon masu sani su faɗa mini yadda rayuwarsa ta kasance, da dalilin da ya sa har yau ake ambatonsa.

Tsohon koci:
Wa alaikumus salam, Malam. An haife shi a Legas a 1963, kuma tsaron raga da ƙwallon hannu ya fara yi, bai kama ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15. Wannan jinkirin bai cuce shi ba, domin saurin ƙafar da ya koya a bakin raga shi ne tushen juyin da ɗanka yake kwaikwayo, wanda ake kira Dream Shake: ya ba mai tsaronsa baya, ya karkata kafaɗa dama, ya murɗe hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, sai mai tsaron ya yi tsalle a banza, sannan ya jefa.

A Jami'ar Houston, ƙarƙashin koci Guy Lewis, shi da Clyde Drexler sun kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'i a 1983, suka sha kashi da ci 54 da 52, amma duk da haka shi aka ba gwarzon gasar. A 1984 suka sake kaiwa, bayan tafiyar Drexler, jami'ar Georgetown ta Patrick Ewing ta doke su. A shekarar ne Houston Rockets ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, Michael Jordan kuwa na uku. Ya rama abin da Ewing ya yi masa a 1994, lokacin da Rockets ta ɗauki kofin NBA bayan ta doke New York Knicks, ƙungiyar Ewing, a wasa bakwai, kuma a 1995 ta sake ɗaukar kofin a kan Orlando Magic ta Shaquille O'Neal da wasa huɗu ba ko ɗaya. Har yanzu ƙididdigar NBA ba ta nuna wanda ya kai shi tare ƙwallo ba, sau 3,830.

Ma'abocin NBA:
Koci, ka yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ƙorafi. Ya karɓi shaidar zama ɗan Amurka a 1993, kuma Amurka ya ci wa lambar zinariya a Olamfik na Atlanta a 1996, ba Najeriya ba. Haka kuma kofunansa biyu sun zo ne a lokacin da Jordan ya tafi wasan besbol, ko da yake na yarda cewa Jordan ya dawo kafin ƙarshen kakar 1995, kuma Orlando ce ta fitar da shi.

Malamar makaranta:
Ni abin da ya fi burge ni, ya 'yan uwa, riƙonsa da addini ne. A 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, kuma yana shiga fili da azumi a bakinsa, har aka ba shi gwarzon watan Fabrairun 1995 alhali Ramadan ne. Ya sayi tsohon ginin banki a tsakiyar Houston ya mayar da shi masallaci da cibiyar da'awa. Bayan ya yi ritaya a 2002, Kobe Bryant da LeBron James sun je wurinsa ɗaukar darasin aikin ƙafa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ce wa yaron kada ya bar tsaron raga tukuna.