Neman shawara: na sa indeks amma ORDER BY na ta jan ƙafa

Abba: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wa wani dila a Kantin Kwari manhajar ciniki da MySQL, ma'ajiyar bayanai mai adana su a tebur-tebur. Yanzu teburin ya cika, idan Alhaji ya nemi cinikin shago guda, na baya-bayan nan a sama, sai allo ya tsaya cak, mai saye na tsaye da atamfa a hannu. Kunya ta ishe ni wallahi. Abin da na rubuta: WHERE shago = 3 ORDER BY rana DESC LIMIT 20, wato ciniki 20 na ƙarshe na shago na 3. Akwai indeks (jerin da ke saurin kai MySQL ga abin da ake nema) a kan shago, akwai wani a kan rana, amma EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda MySQL zai yi aikin, na nuna Using filesort, wato sai ya sake jera sakamakon da kansa. Ina na yi kuskure?

Malam Sadi: Wa alaikumus salam ƙanena. Raba su da ka yi ne matsalar. MySQL galibi indeks ɗaya yake ɗauka: ya bi na shago, ya kwaso duk cinikin shagon, sannan ya zauna jera su. Yi guda ɗaya mai ɗauke da shago, sannan rana. Indeks irin B-tree a jere yake tun asali, kamar littafin bashi da aka ware wa kowane shago shafinsa, kwanan wata na bin juna. Zai buɗe shafin shago na 3, ya karanto daga ƙasa, yana kai 20 ya tsaya. Kar ka juya su, wanda ke da alamar daidai (=), wato shago, shi ne a gaba.

Hauwa: Ƙari a kan na Malam, kar ka naɗe rana cikin DATE(), mai ciro kwanan wata kaɗai, wajen jerawa, indeks ɗin zai tashi a banza. In kuma za ka haɗa ASC (jeri mai hawa) da DESC (mai gangarowa) a jeri ɗaya, sai daga MySQL 8.0 ake iya gina indeks mai gangarowa. Kafin nan yana karɓar DESC ɗin ya yi biris da shi.

Nura: Ni dai ina jan kunne, kar daɗi ya sa ka cika tebur da indeks. Duk cinikin da aka shigar sai an gyara kowannensu. Na shago kaɗai ɗin nan goge shi, sabon ya wadatar.

Abba: Allah ya saka da alheri. Na gwada bayan la'asar, filesort ya ɓace, Alhaji na dannawa yana fitowa. Malam, idan na ƙara tacewa da sunan mai saye, shi ma kafin rana zan sa shi?

Malam Sadi: In da alamar daidai ne, eh, kafin rana. Amma wani indeks daban za ka yi, kar ka goge na shago da rana ɗin, allon shago na bukatarsa.