Neman kalmar Hausa: me za mu kira "otogonal"?

1/ Jama'a, a taimaka. Jiya a Unguwar Rimi ƙanwata mai karatun lissafi ta tambaye ni ma'anar otogonal da Hausa, na ce mata 'yancin kai. Ta ce, "Yaya, wannan ai tun 1960 aka ba mu shi." Ta kayar da ni.

2/ Asalin kalmar Girkanci ne: "orthos" miƙaƙƙe, "gonia" kusurwa. Wato layi biyu da suka haɗu a kan digiri 90, kamar bango da daɓe. Kalmar kuma tana nufin abu biyu da ba su dogara da juna ba, shi ya sa na ce 'yancin kai. To ina zancen rashin dogaro ya shigo? Ka tsaya a Kawo ka miƙe kudu sak. Komai nisan da ka yi, ba ka ƙara ko taku ɗaya zuwa gabas ba. Tafiyar kudu ba ta taɓa lissafin gabas.

3/ Gwajinsa a takarda: zana layukan a matsayin kibiyoyi, kibiya (1, 2), wato taku ɗaya gabas da biyu arewa, da kibiya (2, -1), wato taku biyu gabas da ɗaya kudu. Ninka na farko da na farko, 2. Na biyu da na biyu, -2. Haɗa su, sifiri. In sifiri ya fito, shi ke nan, otogonal ne.

4/ Wani malami ya ce a kira shi "gicciye". Allah ya ƙara ilimi, Malam, amma ban gamsu ba. Akuya ma tana gicciye titi, kuma ba ta auna digiri. Wata baiwar Allah ta kawo "tsaye-da-kwance". Ya yi kyau a allo, sai dai da an karkatar da layukan biyu tare, babu na tsaye babu na kwance, alhali kusurwar tana nan.

5/ "Mai zaman kansa" fa? A bar wa wata ma'anar. (1, 0) da (1, 1) kowacce zaman kanta take yi, ba a samun ɗaya ta hanyar ninka ɗaya, amma digiri 45 ne tsakaninsu. Akwai sauran ruwan juna ke nan.

6/ Ni dai na tsaya a kan "ba-ruwan-juna". Irin rediyon kakanmu: ka murɗa na ƙarar murya, tasha ba ta gusa daga Kaduna, ka murɗa na tasha, maɓallin murya yana inda yake. Ina ruwan biri da gada.

7/ Ƙanwar tawa ta gwada a jimla: "Kibiyoyin nan ba-ruwan-juna ne." Ta ce ya zauna a baki, ta rubuta a gefen littafinta. Mai wadda ta fi wannan ya kawo.