Shawarwarin da aka bayar kan kallon Gamba

A hirar da muka yi kan Gamba, katun ɗin Japan na 1975 wanda Osamu Dezaki ya ba da umarni, tambaya guda ce ta cinye lokaci: ƙananan yara za su iya kallonsa? Yawanci sun ce a yi hattara. In ka ga ɓeraye bakwai, wato Gamba da abokansa, suna keta teku sai ka ɗauka wasan yara ne, amma Noroi, farin mugun nan mai kama da tunku, ba abin wasa ba ne. Jajayen idanunsa kaɗai sun isa su hana yaro barci. Wata uwa ta ce 'yarta ƙanƙame ta ta yi har kashin ya ƙare. Saboda haka babba ya zauna kusa, kuma kada a kunna da daddare.

An kuma ce a bi kashi 26 ɗin a jere, ban da tsallake. Masu son a fara da fim ɗin kwamfuta na 2015 ba su samu goyon baya ba, ni ma dai zanen hannun ya fi shiga raina. Wanda ya iya Japananci ya nemi littafin Atsuo Saito na 1972 da aka ɗauko labarin daga ciki, inda abokan Gamba 15 ne, ba shida ba.